Kada Ku Kunna Murhun Nan Ranar Asabar

Greensboro,
Talata, bayan la'asar.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Allah Ya sa kin shiga ɗakinki a sa'a, Ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, Ya sa gidan nan ya zama wurin hutawarku. Amin.

Na san za ki yi dariya idan kika ɗaga murfin kular dambu kika tarar da wasiƙa. Za ki ce, da Turancin nan naki mai sauri, me ya hana Mama ɗaga waya, daga nan zuwa gidanki a Summerfield ko rabin awa babu. Abin da ya hana ni kin san shi. Ke 'yar fari ce. Ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in ce miki ga wautar da na yi. Mijinki kuma suruki ne, idan ya shigo falo ni kicin nake nufa. Takarda ce kaɗai ba na jin nauyinta, don haka ki yi haƙuri da tsawonta. Wadda ta ƙare rayuwarta tana karanta littattafai ba za ta iya gajeriyar magana ba.

Ranar Lahadi da muka je jere, ina goge kwanukanki na hango ki tsaye a gaban murhun falo, wannan na jan bulo. Kin ɗora hannu a kansa, kin karkatar da kai, kin tafi wata duniya. Na san wannan fuskar. Tawa ce. Daga baya na je garaji neman tsumma, na ga wani dogon kwali, a ciki bututu mai ƙyalli a nannaɗe. Ina nan sai na ji maigidanki a waje yana gaya wa Babanki cewa laina ce ta alminiyam, wani abokinsa ya ba shi, ta rage masa lokacin da aka gyara hitar gas ɗinsa. Ya ce ranar Asabar shi da abokansa za su zura ta cikin bututun hayaƙin gidan, su haɗa ta da murhun ƙarfe na itace da ya samo, ku ji ɗumi kafin sanyi ya kankama. Babanki ya ce, "Madalla," ya sosa kunne. Ni kuma na koma ciki da tsumma.

Ummi, kada ku zura bututun nan, kada ku kunna wuta ranar Asabar. Dalilina yana cikin kurakurai uku da na yi. Biyu kin san su sama-sama. Ɗaya ba ki sani ba ko kaɗan.

Lokacin da muka zo daga Maraɗi, ni da ke, Babanki ya shekara shida a nan shi kaɗai. Ke kin fara zama budurwa, amma ni ina jin kaina amarya sabuwa fil. Akwatina ɗaya tufafi ne, ɗaya kuma littattafan soyayya, na Kano da kuma wasu ƙanana na Faransanci da na saba karantawa tun ina lakwal, wato makarantar boko. A bangon waɗannan ƙananan, sau da yawa za ki ga mace da namiji zaune a gaban murhu, dusar ƙanƙara tana sauka a taga. Ni a wurina Amurka ke nan. Da Babanki ya ce lokaci ya yi da za mu bar ɗakin haya, ya kai ni gidaje uku. Na farko sabon rufi gare shi. Na biyu yana kusa da masallaci. Na uku tsoho ne, ƙofarsa tana ƙara, amma akwai murhu a falo.

Ya ce, "Ki duba kicin ɗin mana."

Na ce, "Ya yi."

Ya ce, "Ba ki shiga ba."

Na ce, "Daga nan ma na ga ya yi."

Haka muka shiga gidan da kika girma a ciki. Ba wanda ya leƙa cikin bututun hayaƙin, ban ma san ana leƙawa ba. Ranar da aka fara sanyi na yi kwalliya da rana tsaka, na sa lalle, na jera itace kamar yadda na gani a hoto, na ƙyasta ashana, ina jiran Babanki ya dawo daga aiki ya tarar da ni kamar matar bangon littafi. Ashe akwai wata ƙofar ƙarfe a maƙogwaron murhun wadda ake buɗewa kafin a kunna wuta. Hayaƙi ya turnuƙe falon, alam ɗin hayaƙi ya hau ihu, ke kika fito da gudu da littafin lissafi a ka. Maƙwabciyarmu, tsohuwar nan mai furanni a baranda, Allah Ya saka mata, ita ta shigo da tawul a hanci ta ja ƙarfen. Babanki ya tarar da ni a kan matakala, kwalli ya zubo har haɓa.

Ya dube ni ya ce, "A littafin ma haka ta kasance?"

Wannan kin tuna shi, don har yau kuna yi mini tsiya da shi. Abin da nake so ki ɗauka a ciki shi ne, murhu ba bakinsa ne murhu ba, cikinsa ne. Bulon da kike gani a waje kwalliya ce da ƙarfin gini. A cikinsa akwai wata hanya ta biyu da hayaƙi ke bi, ita ce masu aikin suke kira laina. A tsofaffin gidaje irin namu da naku, da tayil na yumɓu ake yin ta, a jera shi ɗaya kan ɗaya tun daga ƙasa har sama. Yumɓu kuwa yana tsagewa, simintin da ke tsakaninsa yana zubewa. Idan ya tsage, zafi yana kaiwa ga katakon gida, hayaƙi yana samun hanyar shiga ɗakuna. Daga falo ba za ki gani ba ko kin shekara kina kallo. Sai an kira mai sana'ar ya hau, ya share, ya zura fitila ko 'yar kyamara, ya nuna miki da idonki. Kafin ashanar farko ake yin wannan, ba bayanta ba.

Yanzu ga na biyun. Ki zauna.

Bututun hayaƙin gidanmu hanya biyu gare shi. Ɗaya ta murhun falo, ɗaya kuma injin ɗumama gida da hitar ruwan zafi suke tarayya a kanta, dukansu na gas. A damina ta biyu da shigarmu injin ɗumama gidan ya mutu, Babanki ya sa a kawo sabo. Wanda ya zo sa shi wani dattijon Bature ne mai farin gashin baki, wanda muka laƙaba wa Mai Tsani, don motarsa ba ta rabuwa da tsani uku a sama. Sabon injin irin na zamani ne, ba ya bin bututun bulo, ta jikin bango yake fitar da iskarsa da wani farin bututun roba. Ranar Babanki yana wurin aiki, ke kina makaranta, ni kaɗai ce a gida. Kuma a jajibirin ranar ƙawata Anti Hajara ta dawo daga ganin gida ta kawo mini sabon littafi, kashi na uku, wanda na yi wata takwas ina jira.

Mai Tsani ya gama aikinsa ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Ina daidai wurin da jarumar ta tsaya a tasha, motar da masoyinta ke ciki ta fara motsi. Ya yi mini bayani mai tsawo, yana nuna sama da hannu. Turancina a lokacin bai kai ya kawo ba, amma ba zan fake da wannan ba, na gane abin da ya ce. Ya ce yanzu hitar ruwa ta rage ita kaɗai a hanyar da aka gina don abu biyu, hanyar ta yi mata faɗi. Iskar da take fitarwa ba ta da zafin da za ta ɗumama wannan babban rami, za ta huce kafin ta kai sama, ta zama raɓa a jikin bango, wani lokaci ma ta dawo ƙasa. Ya ce a zura mata siririyar laina daidai ita kafin sanyi. Ya rubuta duk wannan a wata takarda ruwan ɗorawa ya miƙo mini.

Ya ce, "Madam, ki ba maigida. Kada ki manta."

Na ce, "To, to, na gode."

Na karɓi takardar na sa ta a littafin don kada shafina ya ɓace, na raka shi ƙofa. Na dawo na ci gaba. Motar ta tsaya, masoyin ya sauko, na yi kukana na share hawaye, na rufe littafin da takardar a ciki, na mayar da shi kan kanta. Da Babanki ya dawo ya tambaya ko mutumin ya ce wani abu, na ce ya ce komai ya yi daidai. Wallahi a lokacin har zuciyata haka na tuna.

Kin tuna kukan da muka riƙa ji a bango a ƙarshen wannan damina? Wani irin cacaniya da fuka-fuki, musamman da safe. Anti Hajara ta kasa kunne ta ce, "Ke, gidan nan da masu shi." Na ce wane masu shi, mu muka saya. Ta ce, "Waɗanda ba sa sa hannu a takarda nake nufi." Da sanyi ya shigo kukan ya ɗauke, sai kuma wani tabo ya fito a bangon kicin, jiƙaƙƙe, yana faɗaɗa, fenti yana kumbura. Gidan ya fara warin danshi. Ni kuma abin da na iya na yi, na ƙara turaren wuta. Safe kasko, yamma kasko, tagogi a rufe ruf saboda sanyi, har da tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Gida yana ƙamshi kamar ɗakin amarya, mu kuma kanmu yana sarawa.

Ni na fi kowa ciwon kan, don wurin karatuna yana jikin ɗan ɗakin da hitar take, can ne ya fi ɗumi. Babanki ya ce littattafai ne suke cinye mini ido. Matan unguwa suka ce baki ne, an ga mun sayi gida. Ke kuma kika fara dawowa daga makaranta garau, ki zauna a teburin kicin yin aikin gida, kafin awa ɗaya ki kifa kai kina cewa zuciyarki tana tashi. Na ce ƙiwa ce. Na taɓa yi miki faɗa a kan haka, har kika yi kuka. Wannan faɗan yana cikin abubuwan da nake neman gafararki a kansu.

Wata Asabar da hantsi Babanki ya ɗauko Malam Idi ya yi mana addu'a a gidan. Kin san Malam Idi, ba ya gaggawa. Ya zauna ya yi karatu, ya tofa a kusurwoyi huɗu, muka shafa. Da ya zo kicin sai ya tsaya a gaban tabon nan. Ya taɓa shi, ya shinshina yatsa. Ya buɗe ɗan ɗakin hitar, ya kara bayan hannunsa kusa da inda bututunta ya shiga bango. Ashe kafin ya fara koyar da yara, ya yi shekaru yana bin masu gyaran gidaje.

Ya ce, "Alhaji, addu'a mun yi, Allah Ya karɓa. Yanzu a buɗe tagogi duka, a kashe wannan abin, kowa ya fita waje."

Anti Hajara, da ta zo ganin yadda za a kore su, ta ce, "Malam, sun yi ƙarfi ne?"

Ya ce, "Hajiya, wannan ba ya jin Larabci. Mai tsani yake ji."

Muna tsaye a tsakar ciyawa da barguna Mai Tsani ya iso. Ya shiga da wata 'yar na'ura a hannu, ya fito fuskarsa ba walwala. Ya hau rufi. Abin da ya sauko da shi a bokiti har yau ina ganinsa: gutsattsarin tayil da raɓa ta cinye suka rufto, da tsohuwar sheƙar tsuntsaye. Masu gidan Anti Hajara ke nan, tsuntsaye ne da suke shiga bututun da ba shi da hula, wato murfi a samansa, su yi ƙwai, idan sanyi ya zo su yi ƙaura. Hanyar ta kusa toshewa. Iskar da ya kamata ta fita sama, cikin kicin take dawowa. Ya ce iskar nan ba ta da wari, ba ta da launi, ciwon kai take fara sa wa mutum, sannan barci, kuma akwai waɗanda ba sa farkawa. Ya ce garwashin kaskona a rufaffen gida irin wannan iskar yake ƙarawa. Ya sa aka kai mu asibiti a duba mu, aka ce Allah Ya kiyaye.

Amma kafin mu tafi ya juyo gare ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Madam, ai na rubuta muku."

A take na ga takardar, na ga littafin, na ga har shafin. Malam Idi yana tsaye, Anti Hajara tana tsaye, ke kina jingine a jikina. Na buɗe baki, sai na ji Babanki ya ce, "Ni ne. Na ga takardar, na yi sakaci."

Shi ke nan labarin ya zauna haka. Shekara da shekaru ana cewa Alhaji ya kusa halaka iyalinsa da mantuwa. Abokansa suna tsokanarsa a masallaci, ke ma kin sha ce masa, "Baba, ka rubuta a hannunka kada ka manta." Yana dariya. Ni ina ji, ina yin shiru, ina cewa a raina wannan mutum ya fi duk jaruman littattafaina. Ban taɓa gode masa ba, don godiya tana nufin in amsa laifi.

To ga gaskiya yau: ni aka ba takardar.

Abin da za ki riƙe a nan, idan mai aiki yana yi miki bayani, ki ajiye duk abin da ke hannunki, ko waya ce ko tukunya. Ki sa ya maimaita. Ki tambaye shi me zai faru idan ba a yi ba. Sannan ki sani girman laina ba a zaɓarsa da ido. Idan ta yi faɗi, hayaƙi ya huce ya zama ruwa. Idan ta yi ƙunci, ya rasa hanya ya dawo muku. Ana auna ta ne da abin da za a haɗa mata da kuma tsawon bututun, kuma akwai littafin da ke zuwa da kowane murhu yana faɗin abin da ya dace da shi. Duk ranar da kuka canja inji ko hita, a sake duba hanyar hayaƙin, ko da jiya aka duba ta. Turaren wuta kuma ban ce ki bari ba, ni 'yar Maraɗi ce. Amma ki buɗe taga, kuma idan gida ya fara wani wari, ki nemi inda yake fitowa kafin ki rufe shi da ƙamshi.

Na uku shi ne ya fi kama da abin da ke garajinku.

Mai Tsani ya zura wa hitarmu siririyar laina ta alminiyam, ya sa hula mai raga a sama. Ciwon kai ya tafi, bango ya bushe. Ni kuma sai na zama gwana. A wurin suna, a wurin biki, duk wadda ta ce gidanta da sanyi sai in ce, "Kin sa laina? Alminiyam ake sawa." Har aka fara ce mini Injiniya. Sai aka yi wani sanyi da ruwan ƙanƙara ya karya rassan itatuwa a kan wayoyi, muka kwana huɗu ba lantarki, muna ɗumama ruwan shayi a gidan maƙwabciya. Da wuta ta dawo na ce wa Babanki lallai mu sa murhun ƙarfe na itace a bakin murhun falo, kada mu sake shiga wannan hali. A ƙasan zuciyata kuwa matar bangon littafi ce ta sake ɗago kai. Ban jira kowa ba, na sa ya kai ni babban kantin kayan gini, na nuna laina irin tamu sak, muka ɗauko. Na kira Mai Tsani ina taƙama, na ce kaya sun iso, zurawa kawai ta rage.

Ya buɗe kwalin, ya rufe. Ya ce ba zai sa ba.

Na ce, "Ba kai ka sa mana irinta ba?"

Ya ce, "Wancan gas ne, wannan itace."

Ya leƙa kicin, ya hango wata tukunyata ta alminiyam a bayan ƙofa, wadda gindinta ya lotse ya huje. Ya ɗaga ta ya tambayi abin da ya same ta. Ke ce kika ba shi amsa, kina dariya, kika ce Mama ta ɗora ruwa ta tafi karatu. Ya ce to abin da wutar itace za ta yi wa wannan laina ke nan, sai dai a cikin bango za ta yi shi, inda ba mai gani. Alminiyam na wasu na'urorin gas ne kawai, masu hayaƙi mara zafi sosai, su ma ba duka ba. Hayaƙin itace yana da zafi, kuma yana barin wata baƙar kunkunniya mai danƙo kamar kwalta a jikin bututu. Idan ta taru takan kama da wuta, kuma wannan wutar alminiyam ba ya tsaya mata. Itace sai ƙarfe mara tsatsa, dangin na kwanukan silba, wanda aka yi musamman don wuta. Shi ma iri-iri ne, wanda ya dace da itace daban, wanda ya dace da mai daban, don haka sai an faɗa wa mai sayarwa abin da za a ƙona. Ya ce tunda bututunmu a jikin bangon waje yake, iska tana dukansa, sai an naɗe lainar da wani bargo da ba ya cin wuta, don hayaƙi ya riƙe zafinsa har ya fita, katakon gida kuma ya tsira. Na lura naku ma a bangon waje yake.

Na mayar da kwalin kanti da kaina, ina sunkuyar da kai. Sannan na bi matan da na yi wa wa'azin alminiyam ɗaya bayan ɗaya a waya, ina janye maganata. Anti Hajara ta ce, "Injiniya, an kore ki daga aiki ke nan?" Na ce na yi ritaya.

Abin da ya yi wa gidan wani daidai ba lallai ya yi wa naki ba, ko da abokin kirki ne ya ba da shi da zuciya ɗaya. Maigidanki yaro ne mai hankali, mai karatu, na ga yadda yake ɗaukar miki kaya ba a sa shi ba. Ba wauta ya yi ba, irin tunanina ya yi, ya ga abu ya yi aiki a wani wuri. Kada ki ce masa Mama ta ce, kada ki kunyata shi a gaban abokansa. Ki same shi bayan ya ci abinci, ki ce kina so mai sana'ar ya fara duba bututun. Mai Tsani ya tsufa, ya daina hawa, amma 'yarsa ta gaje shi, kuma ta fi shi tsanani. Lambarta tana bayan wannan takarda. Ki tambaye ta ko tayil ɗin ciki lafiya yake, wane ƙarfe ya dace da murhun, nawa ne faɗinsa, ko yana buƙatar bargo, ko akwai wani abu na gas da ke bin hanya ɗaya da shi, don itace ba ya tarayya da kowa. Ku sa hula. Ku ƙona busasshen itace, ba ɗanye ba, ba guntayen katako masu fenti ba. A share duk shekara. A cikin kwalin da na kawo miki ranar jere, wanda na rubuta wa "littattafai" akwai alam guda biyu na wannan iskar mara wari, a ƙarƙashin littattafan. Na san can ne za ki fara buɗewa. Ɗaya kusa da ɗakin kwana, ɗaya a falo.

Saura abu ɗaya. Jiya bayan azahar na ce ba zan rubuta miki gaskiya ba sai na fara faɗa wa mai ita. Na ɗauko littafin nan daga kanta, kashi na uku, na zaro takardar, ta koɗe amma ana karantawa. Na ajiye ta a gaban Babanki yana shan shayi. Na ce, "Alhaji, ni aka ba. Ka rufa mini asiri shekara da shekaru, ban taɓa ce maka na gode ba."

Ya kalli takardar, ya sosa kunne, irin susar ranar Lahadi.

Ya ce, "Ai ba ƙarya na yi ba. Na gan ta."

Na ce, "A ina?"

Ya ce, "A inda kika sa ta. Wurin tashar mota."

Ummi, ashe mutumin nan da yake cewa littattafai suna cinye mini ido, duk wanda na gama sai ya saka shi a jakar abincinsa ya tafi da shi wurin aiki, ya karanta a mota lokacin hutu. Ya ga takardar sati biyu bayan an ba ni. Ya karanta ta, ya gane ta sarai. Amma idan ya tambaye ni, zan ce a ina ya gan ta. Sai ya ce bari ya jira in kawo maganar da kaina. Yana jira, aiki ya sha kansa, ya shiga kashi na huɗu, ya manta.

Na ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Yarinyar nan ta sha wahala a hannun ƙanin ubanta, dole mutum ya ga ƙarshenta."

Muka yi dariya har shayi ya zube. Daga baya dariyar ta tsaya, don mun tuna ke a teburin kicin, kanki a kife. Kunyata da kunyarsa suka haɗu suka bar ki kina shaƙar abin nan wata biyu. Ranar Lahadi kuma muka so mu maimaita, shi ya ce madalla don kada ya gyara wa suruki magana, ni na koma ciki da tsumma. Shi ya sa na ajiye kunya na rubuta, shi kuma ya ce shi zai kawo kular da kansa, kuma ba zai taso ba sai ya ja maigidanki garaji sun yi magana ta maza. Idan kika ga yana sosa kunne, ki tsaya a bakin ƙofa har ya faɗa.

Murhun nan naki yana da kyau, na fi kowa sani. Ina so ki zauna a gabansa da mijinki, ki sa lallenki, ki yi duk mafarkin da kike so. Sati biyu ko uku kawai nake roƙo. Kafin nan ku sa rigunan sanyi, na saka bargo biyu a bayan motar Babanki.

Allah Ya tsare ku daga wuta da hayaƙi, da sharrin da ke shigowa ba sallama. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa ku kwana lafiya ku tashi lafiya a kowace rana. Ki gaida maigidanki da kyau. Ki dawo mini da kulata, kuma kashi na uku yana wurin Babanki, ya ce akwai wurin da yake so ya sake dubawa.

Wassalam,
Mamanki.